Ɓarnar da Ke Biyo Bayan Dawowar Jini: Nawa Ne Kason Fararen Ƙwayoyin Jini?

A shekarar 1941, lokacin da jiragen yaƙin Jamus ke luguden bama-bamai a kan birnin Landan, wasu masu bincike biyu na asibitin Hammersmith, Eric Bywaters da Desmond Beall, sun buga rahoton mutum huɗu da aka zaƙulo daga ƙarƙashin gine-ginen da suka rushe. Kowannensu gini ya danne masa gaɓa na tsawon sa'o'i. An fito da su da ransu, ba wani rauni na a zo a gani sai kumburin wurin da aka danne. Daga nan jiki ya fara rikicewa. Jininsu ya sauka, fitsari ya ragu ya yi duhu, cikin kimanin mako guda ƙoda ta tsaya, rai ya yi halinsa.

Abin da ya fi ɗaure kai a labarin shi ne lokacin da abin ya lalace. Muddin gini na kansu, mutanen nan suna nan da ransu. Sai da aka ɗage nauyin, jini ya samu hanyar komawa cikin tsokar da ta sha matsa, sannan masifa ta kunno kai. Likitoci sun daɗe da sanin cewa naman da aka hana wa jini mutuwa yake yi. Abin da ya ɗauke su shekaru kafin su amince da shi shi ne, dawowar jinin ma tana da tata ɓarnar, kuma cikin waɗanda ake tuhuma har da fararen ƙwayoyin jini, waɗanda kowa ya sani da kare jiki daga cuta. An fi shekara arba'in ana ja-in-ja a kan tambaya biyu: nawa ne kasonsu a wannan ɓarna, kuma in aka hana su aiki, za a ceci ƙafar?

Ba sai gini ya rushe ba ake gamuwa da wannan matsala. Likitan ƙashi yakan ɗaure cinya da maɗauri mai iska don ya yi aiki a gwiwa ba tare da jini ya rufe masa ido ba, sannan ya kwance. Gudan jini yakan taso daga zuciya ya toshe babbar jijiyar ƙafa, a zura siririn bututu mai balan-balan a baki, wanda Thomas Fogarty ya fito da shi a farkon shekarun 1960, a janyo gudan. Akan mayar da hannun da inji ya guntule, akan ɗebo tsoka daga baya ko cinya a dasa a wani wuri. A duk waɗannan, akwai lokacin da jini ya tsaya da lokacin da ya dawo. Tun 1960 likitan jijiyoyi Henry Haimovici ya bayyana marasa lafiyar da aka buɗe musu jijiyar ƙafa cikin nasara, amma ƙafar ta kumbura, ƙoda ta tsaya, wasu suka mutu.

Bari mu fara da abin da ke faruwa kafin jinin ya dawo, domin nan ne tushen komai. Tsoka ta kai kusan kashi 40 cikin 100 na nauyin jikin baligi, kuma in tana hutawa ba ta da cin iska sosai, shi ya sa ta fi ƙwaƙwalwa da zuciya juriya nesa ba kusa ba. Amma juriyar tana da iyaka. Idan oksijin ya yanke, makamashin ƙwayar tsoka, wanda masana ke kira ATP, yakan yi ta raguwa. Da shi ne ake tafiyar da 'yan famfunan da ke jikin fatar ƙwaya, masu fitar da sodiyam da kalsiyam su riƙe fotasiyam a ciki. In suka tsaya, sai ruwa ya bi gishiri ya shiga, ƙwaya ta kumbura, kalsiyam ya tada sinadaran da ke narka ta daga ciki, tsami ya taru. Wannan ne dalilin da ya sa likitocin tiyata ba sa son maɗauri ya wuce sa'a biyu a ɗaure. Daga sa'a huɗu zuwa shida, mutuwar zaren tsoka takan yi nisan da ba ta da gyara. Fata ta fi tsoka haƙuri, don haka ana iya ganin ƙafa da kyakkyawar fata alhali naman da ke ƙasa ya riga ya tafi. Har zuwa nan babu hannun farar ƙwaya ko kaɗan. Yunwar iska ce zalla.

Da jini ya dawo, sai a ga tsoka ta kasu uku: wadda ta mutu, wadda ta tsira, da wadda ke tsakiya, ta jigata amma da sauran rai. A kan ta tsakiyar nan ake duk wannan muhawara.

Farkon abin da ke faruwa a daƙiƙun farko shi ne oksijin ɗin da aka yi ta jira ya zo ya tarar da injinan ƙwaya a birkice, sai wani kaso nasa ya rikiɗe ya zama ɓurɓushi masu ƙona nama. A 1981 Neil Granger da Joe McCord da abokin aikinsu suka nuna haka a hanjin kyanwa, suka ɗora laifin a kan wani enzayim mai suna zantin oksides. A 1986 Granger da Dale Parks suka yi wani gwaji da har yau ake kafa hujja da shi: hanjin da aka hana wa jini sa'a uku sannan aka sakar masa na sa'a ɗaya ya fi lalacewa a kan wanda aka hana wa sa'a huɗu cur ba a sakar masa ba. Tsawon lokaci ɗaya ne, amma wanda ya samu jini shi ya fi shan wuya. Daga baya, a 2014, masu bincike a Kambirij ta Ingila suka nuna cewa wani sinadari mai suna saksinet yana taruwa lokacin da jini ya yanke, kuma ƙonewarsa cikin gaggawa a maitokondiriya, ɗakin wutar ƙwaya, ita ke haifar da kaso mai yawa na wannan guba ta farko.

Wanda ya fara jin wannan zafi shi ne siririn shimfiɗin ƙwayoyin da ke lulluɓe da cikin jijiyoyin jini. A lafiya santsi gare shi, yana fitar da iskar naitirik oksaid da ke buɗe jijiya ta kuma hana komai mannewa. In ya ƙone sai ya juya hali. Cikin mintuna yakan turo wani furotin mai ƙugiya, P-selektin, wanda dama a ajiye yake a cikinsa, ya fito fili. Ƙwayoyin da suka fashe kuma suna zubar da kayan cikinsu, abubuwan da jiki bai saba gani a waje ba, don haka yake ɗaukar su alamar hari. A 1996 ɗakin binciken Michael Carroll a Jami'ar Harvard ya nuna a ƙafar ɓera cewa wasu sinadaran kariya da ake haifar dabba da su, ajin IgM, suna manne wa naman da ya jigata, su tada jerin furotin ɗin jini da ake kira kwamfilimen. Ɗaya daga cikin gutsattsarin wannan jeri, C5a, yana cikin abubuwan da suka fi ƙarfin kiran fararen ƙwayoyi. To, a nan suke shigowa, bayan an riga an yi kururuwa.

Fararen ƙwayoyin jini iri-iri ne, amma wadda ta fi shiga wannan zance ita ce nutirofil. Ita ce mafi yawa, rabi zuwa kashi 70 cikin 100 na fararen ƙwayoyin baligi. Ɓargo yana ƙera kimanin biliyan 100 nata kowace rana, ba ta kuma daɗewa a cikin jini. Aikinta ɗaya ne, ta isa wurin da ƙwayar cuta ta shiga kafin kowa, ta haɗiye ta, ta kashe. Mugunyar da ke fita daga maruru yawancinta gawawwakinta ne. Tun 1867 Bajamushe Julius Cohnheim ya zauna gaban madubin likita yana kallon yadda fararen ƙwayoyi ke ratsa bangon jijiya a jikin kwaɗo. Élie Metchnikoff kuwa, wanda ya fahimci cewa haɗiyar da suke yi kariya ce, a garin Messina na Italiya ya yi gwajinsa a 1882. Ikon Allah, a shekarar da aka ba shi kyautar Nobel, 1908, girgizar ƙasa ta rushe wannan gari, kuma daga cikin rahotannin farko na mutanen da suka mutu bayan an ciro su daga ƙarƙashin gini akwai na can.

Yadda nutirofil ke fita daga jini abu ne mai tsari, kuma an gan shi da ido a jijiyoyin dabbobi masu rai. Yana faruwa ne galibi a 'yan ƙananan jijiyoyin da ke tattara jini bayan ya ratsa nama. Ƙugiyoyin selektin su kama ta su saki, su kama su saki, sai ta rage gudu ta koma mirginawa a jikin bango. Tana mirginawa tana shaƙar sinadaran kira, su kuma su tada wasu furotin masu danƙo a jikinta, waɗanda dukkansu ke da sashe guda mai suna CD18. Wannan ya kama abokinsa ICAM-1 a jikin bango, ta tsaya cak, ta baje, ta lalubi tsakanin ƙwayoyin bango ta kutsa ta fita cikin nama.

Makamanta kuwa ba na wasa ba ne. Tana da enzayim da ke juya oksijin ya zama guba da gangan, tana da wani, mayeloferoksides, mai haɗa wannan guba da gishirin jiki ya samar da sinadari dangin bilic ɗin wanki. Shi ne ma ke ba mugunya launin kore-kore, kuma da awonsa masu bincike ke ƙiyasta yawan nutirofil ɗin da suka shiga tsoka. Tana da ilastes da 'yan uwansa masu narka zaren da ke riƙe da nama. Jini yana da furotin da ke daƙile ilastes, amma gubar oksijin tana kashe wannan mai daƙilewa, sai makami ɗaya ya share wa ɗaya hanya. A 2004 masu bincike a Balin suka gano cewa takan ma fasa kanta ta watsa zaren DNA ɗinta ya zama raga mai kama ƙwayoyin cuta, an kuma ga irin wannan raga a ƙafar ɓera bayan an sakar mata jini, inda take iya taimaka wa jini ya daskare. Duk wannan shiri na ƙwayar cuta ne. A tsokar da jini ya dawo mata kuwa babu ƙwayar cuta ko ɗaya. Abin ya yi kama da a kira 'yan kwana-kwana gobarar kasuwa, su iso wuta ta riga ta ci abin da za ta ci, motarsu ta tare lungun da mutane ke bi, ruwansu kuma ya lalata kayan rumfunan da wutar ta bari.

Maganar tare lungu ita ce, a ganina, mafi ƙarfin tuhumar da ake yi musu. Siraran hanyoyin jini na cikin tsoka faɗinsu bai wuce maikiromita biyar zuwa shida ba, wato kashi biyar ko shida cikin dubu na milimita. Jar ƙwaya taushi gare ta, tana lanƙwashewa ta wuce. Nutirofil ta kai maikiromita takwas, ga tauri, in ta fusata kuma taurin ya ƙaru. Ko a lafiya sai ta ɗan dakata kafin ta matse ta wuce. To ina ga lokacin da bango ya kumbura ya yi danƙo? Sakamakon shi ne abin da likitocin jijiya ke tsoro: an buɗe babbar hanya, ana jin bugun jini a idon sawu, amma can cikin nama wurare da dama jini bai koma ba. An fara bayyana wannan a ƙwaƙwalwar zomo a 1968, sannan a zuciyar kare a 1974, kuma a 1983 Robert Engler da Geert Schmid-Schönbein suka nuna fararen ƙwayoyi maƙale a siraran hanyoyin zuciyar kare. A tsokar gaɓoɓi, bincike na baya ya nuna cewa toshewar ba duka daga cushewar ƙwaya take ba. Waɗanda suka manne a ƙananan jijiyoyi suna huda bango, ruwa da furotin su tsiyaye cikin nama, kumburin ya matse siraran hanyoyin daga waje. Michael Menger da abokan aikinsa a Jamus sun bambanta abu biyu a 1992: wuraren da jini ya ƙi komawa, da wuraren da ya koma amma komawar ta jawo mannewar fararen ƙwayoyi da yoyon bango.

Kumburi a tsoka ya fi kumburi a wani wuri haɗari, saboda tsokokin ƙwauri da na damtse a cikin ɗakuna suke, kewaye da wani farin tantani mai tauri da ba ya miƙewa. In ruwa ya taru, matsi ya hau, jini ya sake tsayawa, a koma gidan jiya. Richard von Volkmann ya bayyana ƙarshen wannan tun 1881, hannun da ya ƙanƙance yatsu suka lanƙwashe saboda ɗauri mai tsanani. Maganin wannan matsi wuƙa ce, a tsaga fata da tantanin daga sama har ƙasa a bar naman ya sha iska.

Mene ne shaidar cewa nutirofil na da hannu, ba kallo kawai ta zo yi ba? Hanyar gane haka ita ce a cire ta a gani. A 1983 masu bincike a Jami'ar Mishigan suka rage nutirofil a jinin karnuka, suka ga naman zuciyar da ya mutu bayan toshewa da buɗewa ya ragu sosai. A 1988 Ronald Korthuis da Matthew Grisham da Granger suka yi irin wannan a tsokar cinyar kare. Bayan sa'a huɗu ba jini, suka sakar wa wasu jini cikakke, wasu kuma jinin da aka tace fararen ƙwayoyinsa. Waɗanda suka samu tataccen jini, yoyon bango da cijewar jini sun ragu ƙwarai. A 1990 aka nuna cewa ba sai an cire su ba, in an toshe CD18 kawai suka kasa mannewa, an samu kariya. Gwaje-gwaje da dama a ɓera da zomo da alade sun bi sahu. Haka kuma an nuna cewa fushin ba ya tsayawa a ƙafa. Jinin da ya fito daga ita yana ɗauke da sinadaran kira, kuma matattarar siraran hanyoyi ta farko da zai ratsa ita ce huhu, inda nutirofil ke maƙalewa su huda bango, ruwa ya cika huhun mutumin da ciwonsa a ƙafa yake.

Sai dai adalci ya sa a faɗi cewa mutanen Bywaters ba fararen ƙwayoyi ne suka kashe su ba. Matacciyar tsoka tana zubar da mayogulobin, jan furotin ɗinta, wanda ke toshe bututun ƙoda ya kuma ƙona su, shi ne ke sa fitsari ya yi launin baƙin shayi. Tana zubar da fotasiyam, wanda in ya yi yawa a jini yake tsayar da zuciya nan take. Tana kuma shanye ruwan jiki lita-lita. A girgizar ƙasar Marmara ta Turkiyya a 1999, an ƙidaya mutum 639 da ƙodarsu ta taɓu, 477 daga ciki sai da aka yi musu wankin ƙoda. Wannan lissafin mataccen nama ne da ƙarancin ruwa.

Da aka ga nasarar da aka samu a dabbobi, kamfanonin magani suka zuba kuɗi. Yawancin manyan gwaje-gwajen an yi su ne a bugun zuciya da shanyewar ɓarin jiki, domin can ne marasa lafiya suka fi yawa. Sakamakon ya sanyaya gwiwa. Magunguna biyu masu toshe CD18 da aka gwada a masu bugun zuciya, aka buga sakamakonsu a farkon shekarun 2000, ba su rage mutuwar nama ba. Wani mai toshe ICAM-1, enlimomab, da aka ba masu shanyewar ɓarin jiki a gwajin mutum 625 da aka buga a 2001, sai ma ya ƙara lalata al'amari, waɗanda suka sha shi suka fi zazzaɓi da kamuwa da cuta da mutuwa. Garin gyaran gira aka rasa ido. Mai toshe kwamfilimen, feksilizumab, an gwada shi a mutum fiye da 5,000, rahoton 2007 ya ce babu amfani. A ƙafa kanta, likitocin Jamus sun daɗe suna gwada sakin jini sannu a hankali gauraye da ruwan magani maimakon a buɗe gaba ɗaya, amma da aka yi gwajin kwatanci aka buga a 2013, bai fi hanyar da aka saba ba.

Me ya sa? Dalilan ba ɓoyayyu ba ne. A ɗakin gwaji, dabba matashiya ce mai lafiya, mai binciken shi ya ɗaure jijiyar da hannunsa, ya san minti nawa, kuma sau da yawa yakan ba da maganin kafin ya kwance. A asibiti kuwa dattijo ne mai ciwon suga da hawan jini, wanda ƙafarsa ta yi sanyi tun daren jiya, aka yi ta shafa mata man zafi kafin a nemi mota. Kason tsokar da ke tsakiya, wadda za a iya cetowa, ya riga ya ƙanƙance. Na biyu, jiki ba hanya ɗaya yake da ita ba, in ka toshe ƙugiya ɗaya akwai wata. Na uku, dabba ba mutum ba ce, ko yawan zantin oksides ya bambanta tsakanin ɓera da ɗan Adam. Akwai kuma hujjar da masu shakka suka daɗe suna kawowa, wadda ban ga an rushe ta ba: gaɓar da aka cire aka ratsa ta da ruwan gishiri mai oksijin, babu farar ƙwaya ko ɗaya a ciki, ita ma tana nuna raunin dawowar iska. Kuma tururuwar nutirofil cikin nama sa'o'i take ɗauka, alhali gubar farko a mintunan farko take.

Akwai dalili na huɗu wanda ya fi sauran nauyi. Waɗannan ƙwayoyi ana bukatarsu. Akwai jariran da ake haifa ba su da CD18, cibiyarsu takan daɗe ba ta faɗi ba, cuta ta yi ta kama su ba mugunya, miki ya ƙi warkewa. Wannan shi ne hoton jikin da fararen ƙwayoyinsa ba sa iya mannewa. Mutumin da aka tsaga wa ƙwauri aka bar shi a buɗe, da mataccen nama a ciki, shi ne na ƙarshe da za a so a kwance wa wannan kariya. Bayan haka, tsoka tana cikin naman da ke iya sake tsirowa, albarkacin wasu ƙwayoyin ajiya da ke kwance a gefen kowane zare, waɗanda Alexander Mauro ya gano a 1961. Ba sa aiki su kaɗai. Bayan nutirofil, kwana ɗaya zuwa biyu, wata farar ƙwaya mai suna monosait takan shigo ta zama makirofaj. Da fari takan zo da zafi, tana cinye matattun zare tana zuga ƙwayoyin ajiya su hayayyafa. Bayan ta ci ta ƙoshi sai ta sauya hali, ta koma kwantar da kumburi da taimaka wa sababbin zare su haɗu su yi kauri. A 2007 ɗakin binciken Bénédicte Chazaud a Faransa ya nuna cewa in aka kawar da monosait a ɓera lokacin da aka ji wa tsokarsa rauni, tsokar ba ta farfaɗowa yadda ya kamata. Don haka duk maganin da za a kawo sai ya san wace ƙwaya, a wace sa'a, na tsawon wane lokaci.

Mai karatu a ƙasar Hausa yana da dalili na musamman na kula da wannan bincike, wato sikila. Nijeriya ce ta fi kowace ƙasa yawan jariran da ake haifa da ita, ana ƙiyasta kusan 150,000 a shekara. An daɗe ana ɗaukar rikicin sikila a matsayin lanƙwasassun jajayen ƙwayoyi da ke cushewa kawai. Yanzu masana suna kallon sa a matsayin tsayawar jini da dawowarsa da ke maimaituwa ba iyaka a ƙananan jijiyoyi. A 2002 ɗakin binciken Paul Frenette a Amurka ya kalli jijiyoyin wata siririyar tsoka a ɓeraye masu sikila, ya ga fararen ƙwayoyin da suka manne a bango su ne ke cafke jajayen da ke wucewa har hanya ta toshe. An kuma san cewa mai sikila da fararen ƙwayoyinsa suka cika yawa ya fi fuskantar tsanani, kuma haidiroksiyuriya, maganin da ya fi kowane tabbata, bayan ƙara wa mai sikila irin jinin jarirai da yake yi yana rage nutirofil. Daga nan aka ƙera kirizanlizumab mai toshe P-selektin. Gwajin da aka buga a 2017 ya nuna ragin rikici da kusan kashi 45 cikin 100, Amurka ta amince da shi a 2019. Sai gwaji na gaba ya kasa tabbatar da amfanin, Tarayyar Turai ta janye izininsa a 2023. Ko a cutar da hannun fararen ƙwayoyi ya fi fitowa fili, toshe ƙugiya ɗaya bai ba da abin da aka sa rai ba.

Hukuncina a kan tambayar farko shi ne, nutirofil ba ita ke fara ɓarnar ba, ba kuma ita ke da kaso mafi girma ba. Yunwar iska ce ke da shi, kuma tsawon lokacinta ne ke yanke yawan naman da zai mutu. Amma a cikin naman da ya jigata bai mutu ba, musamman a ƙananan jijiyoyi, da kuma a huhu, hannunta tabbatacce ne, tana faɗaɗa rauni tana tsawaita shi. A kan tambaya ta biyu kuwa, har yau babu wani maganin hana fararen ƙwayoyi aiki da ya zama ka'ida a asibiti don ceton gaɓar da jini ya yanke mata. Abubuwan da ke ceto tsofaffi ne: a buɗe hanya da wuri, a sanyaya gaɓar da ta guntule, a tsaga tantani kafin matsi ya kashe nama, a ba da ruwa da yawa, a sa ido kan fotasiyam da fitsari, a yi wankin ƙoda in ta kama. Wani lokaci ma, in ƙafa ta daɗe da mutuwa, likita yakan ƙi mayar mata da jini ya zaɓi yankewa, domin abin da zai kwararo daga cikinta zai iya tafiya da mai ita.

Wannan ya shafi abubuwan da muke yi da hannunmu. Rahotannin asibitocin Nijeriya sun sha ambaton ɗori mai tsananin matsi cikin manyan dalilan yanke hannu ko ƙafar yara. Yaron da aka yi wa ɗori yana kukan da ya wuce na karaya, yatsunsa sun kumbura ko sun yi sanyi ko sun mutu, yana ihu in an miƙar da su, ba jarumta ake nema gare shi ba, a sassauta a kai shi asibiti a daren, ko da ana jin bugun jini a wuyan hannunsa. Wanda kububuwa ta sara, ɗaure gaɓar tamau da igiya ko roba ba ya hana dafin aiki, sai dai ya ƙara masa ciwo na biyu, kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ta hana. Ɗaurin tsayar da jini yana da wurinsa, wato raunin da jini ke tsartuwa zai kashe mutum, kuma a nan a ɗaure da ƙarfi, a rubuta lokacin, kada a riƙa kwancewa ana mayarwa a hanya. Gaɓar da ta guntule a naɗe ta da tsumma mai tsabta mai ɗan laima, a sa a leda a ƙulle, a ɗora ledar cikin ruwan ƙanƙara, kada naman ya taɓa ƙanƙarar. Idan kuma gini ko mota ta danne mutum na sa'o'i, ka'idar likitocin agaji ita ce a sa masa ƙarin ruwan gishiri tun yana ƙarƙashi in da hali, kimanin lita ɗaya a sa'a ga baligi a farko, ruwan da babu fotasiyam a ciki. In an ciro shi yana magana yana cewa lafiyarsa ƙalau, kada a bar shi ya tafi gida. A kai shi asibiti, a gaya wa likita sa'a nawa ya yi a danne.